Rijiyar da Ba Ta da Mai Ita

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon ma'aikacin raya karkara, ya gabatar a wani zauren taro a cikin garin Jos. An kwafo ta daga faifan da aka naɗa, an rage inda magana ta maimaitu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙasa da ke zaune a gaba, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can gefen dama, sannunku da zuwa, na san wasunku sun baro tukunya a kan wuta. 'Yan'uwanmu Kirista da suka amsa gayyata, mun gode. Samarin da ke tsaye a bakin ƙofa, ku shigo, ga benci nan babu kowa, domin rabin maganar da zan yi taku ce.

An ce in yi magana a kan shugabannin da ke kusa da jama'a da abin da suke iya yi wajen raya karkara. To, ni da rijiya zan fara.

Lokacin da nake bakin aiki, an haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyuka biyu da ke ƙasan dutse, idan ka gangara kudu. Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Ɗan kwangila ɗaya ne, shekara ɗaya, famfon tuƙa-tuƙa iri ɗaya. Bayan damina uku aka aike ni in duba. A ƙauye na farko na tarar an ɗaure akuya a jikin hannun famfon, ciyawa ta rufe dakalin, mata sun koma rafi. Na tambayi dattawan da ke gindin bishiya me ya faru. Suka ce ta lalace tun bara. Na ce wa kuka gaya wa? Suka ce, ai ta gwamnati ce, muna jira su zo. Da muka kwance ta, wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Kuɗinta a lokacin bai kai kuɗin kaza ba.

Na wuce ƙauye na biyu ina tsammanin abin da na gani shi zan sake gani. Sai na iske layin bokiti, ruwa yana zuba. An kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi, an yi ɗan magudani ruwan da ke zubewa yana shiga wani lambun alayyafo. Mai unguwar ne ya tara mutane tun ranar da 'yan kwangila suka kwashe kayansu. Ya ce wannan rijiya daga yau tamu ce, wanda ya haƙa ba zai dawo ba. Suka yanke cewa kowane gida zai ba da mudun masara da kaka. Suka damƙa makulli a hannun wata tsohuwa da duk garin ke jin nauyinta, ita ke buɗewa da asuba, ita ke rufewa bayan magariba, kuma ita ke korar yaran da ke lilo a jikin hannun famfon. Suka tura wani saurayi ya zauna wajen makanike a gari na ɗan lokaci ya koyi kwancewa da ɗaurawa. Sau biyu rijiyar ta tsaya, sau biyu suka tashe ta ba tare da kowa ya je sakatariya ba.

Shekaru da yawa ke nan, amma duk abin da na koya a aikin nan yana cikin waɗannan rijiyoyi biyu. Gwamnati tana iya haƙawa. Bankin Duniya yana iya ba da kuɗi. Abin da ba su iya kawowa a mota shi ne mutumin da zai ce wannan abu nawa ne, idan ya lalace ni za a tambaya.

Idan na ce shugaba na kusa, kada hankalinku ya tafi ga rawani kawai. Akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, wannan sananne ne. Amma akwai liman da fasto, akwai sarkin noma, akwai arɗo a ruga, akwai sarkin kasuwa, akwai ungozoma, akwai uwar adashi, akwai hedimastan firamare, akwai yaron da ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon ƙauye wanda idan ya yi fito samari talatin za su fito. Ni ma'aunina ɗaya ne. Idan naƙuda ta yi tsanani cikin dare, ko shanu suka shiga gona, ko gada ta karye, ƙofar wa ake bugawa? Wannan shi ne shugaban wurin, ko yana da takardar naɗi ko ba shi da ita.

Kuma ƙarfinsa ba daga albashi yake zuwa ba. Daga kunya yake zuwa. Yana shan ruwan da suke sha, 'ya'yansa suna zaune a ƙasa a ajin da nasu suke zaune, idan ya mutu su za su ɗauki gawarsa. Mutumin da ya ci kuɗin kwalbati a Abuja ba zai taɓa haɗa ido da matar da ɗanta ya faɗa rafi ba. Mai unguwa kuwa da safe zai gamu da ita a hanyar masallaci.

Bari in ɗan koma baya, domin matasa su san ba yau aka fara ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, dagaci da hakimi su ne gwamnati. Su ke karɓar haraji da jangali, su ke ƙidayar mutane da dabbobi, su ke kiran gayya a gyara hanya, su ke kai rahoton baƙo da na annoba. Dagaci ya san yawan gidajen da ke ƙasarsa, ya san wanda aka haifa da wanda ya rasu. Amma kada in yi muku kwalliya. An yi zalunci a wancan tsari. An ƙwace gonaki, an sa mutane aikin tilas, an ɗaure talaka a kan haraji. Wannan ne ya sa Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka tashi tun 1950, kuma gaskiya suka faɗa. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka ɗauke iko daga hannun En'e aka mayar ga majalisu. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta sa filaye a ƙarƙashin gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsu. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci murnar.

Sai dai akwai abin da ya zube a hanya ba mu sunkuya mun ɗauka ba. Mun karɓe sanda daga hannun dagaci, wannan daidai ne, amma mun haɗa da littafinsa. Har yau kundin tsarin mulki na 1999 bai tanadar wa masu sarauta wani aiki ba. Idan rikici ya tashi, su ake fara kira. Idan za a raba kasafi, ba wanda ke tuna lambar wayarsu.

Shirye-shirye kuwa mun ga iri-iri. A 1976 an yi shirin ciyar da ƙasa na zamanin Obasanjo. A zamanin Shagari aka yi na bunƙasa noma. A 1986 Babangida ya kafa DFRRI domin hanyoyin karkara da ruwa da lantarki. Ba zan ce ba a yi komai ba, akwai hanyoyin da har gobe sawun wancan lokaci ake bi. Amma ku zaga karkara ku ƙirga allunan kwangila da suka yi tsatsa, ku ƙirga tankunan da ba ruwa, ku ƙirga asibitocin sha-ka-tafi da jemagu suka gaje. Yawancinsu an zana su ne a ofis, aka sauke su a ƙauye kamar yadda ake sauke buhu daga mota. Ba a tambayi kowa ba, saboda haka ba wanda ya ɗauka. Shirin Fadama da ya zo daga baya ya ɗan gane wannan, shi ya sa ya ce manoma su haɗa ƙungiya, su zaɓi abin da suke so, su sa nasu kason. Inda ƙungiyar ta gaske ce, injin ban-ruwa ya daɗe yana aiki. Inda aka tattara sunayen 'yan'uwa da surukai aka kira su ƙungiya, kafin shekara an sayar da injin.

Yanzu zan kawo muku aikin da ya ci nasara, kuma ina so ku saurara da kyau. Dattawa a nan sun san kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi. Ƙwayayenta suna cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwa da ido ba ya cika gani. Ka sha yau, sai bayan kamar shekara guda ƙafarka ta yi bororo, tsutsa ta fara leƙowa, tsawonta yana iya kaiwa mita guda. A naɗe ta a jikin tsinke, kullum a ja kaɗan, makonni mutum yana kwance. Zafin ya sa shi ya tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi, nan take ta zuba sababbin ƙwayaye, gari ya sake sha. Sau da yawa kuma lokacin aikin gona take kama mutane. Magidanci yana kwance ciyawa tana cin gonarsa.

A ƙarshen shekarun 1980, da aka yi ƙidaya, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Kuma ku riƙe wannan: kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. To da me aka kashe shi? Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, wadda ofishinta na Nijeriya yake nan Jos, ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya. Janar Yakubu Gowon, ɗan wannan jiha, ya riƙa shiga ƙauyuka da kansa yana zama da masu gari da gwamnoni. Amma aikin yau da kullum, wa ya yi shi? Ɗan sa-kai ne na ƙauye, wanda mutanen garin suka nuna da hannunsu. An ba shi ƙyallen tace ruwa ya raba gida-gida, an ba shi littafi ya rubuta duk wanda tsutsa ta fito masa. Mai gari kuma ya kafa doka cewa mai kurkunu ba zai shiga kududdufi ba, wani zai ɗebo masa. Wane likita ne daga birni zai iya tsayawa a bakin kududdufi ya hana matar wani shiga? Sai wanda ta sani, take jin nauyinsa. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi.

Ƙyalle, da littafi, da maganar mai gari. Ni duk lokacin da aka ce mini mutanen ƙauye ba su iya riƙe komai ba, wannan nake tunawa.

Ba a tsaya nan ba. Da yawanku kun ga mutumin da ke yawo da sanda mai zane-zane yana auna tsawon mutane kafin ya ba su ƙwayar Mectizan. Ba likita ba ne. Manomi ne, ko tela, ko malamin makarantar allo, garinsu ne suka zaɓe shi. Sandar ke gaya masa ƙwaya nawa zai ba ka. Shekara da shekaru suna wannan zagaye a Filato da Nasarawa saboda makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa da kuma tundurmi, har a 2017 aka ba da sanarwar cewa jihohin nan biyu sun shawo kan tundurmi. Shan-inna ma haka. Kun tuna yadda aka juya wa rigakafin baya a 2003. Ba jami'an Abuja ne suka buɗe ƙofofin gidaje ba. Sai da Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa suka shiga, hakimi ya ɗiga wa ɗansa a gaban jama'a, mai unguwa ya riƙa raka masu rigakafi zaure-zaure. A watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

To ga tambayar da ke damuna. Idan wannan hanya ta kashe kurkunu, me ya hana mu bi ta wajen hanya da ruwa da makaranta da taki?

Amsar tana wajen kuɗi, don haka bari mu je can. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 17 daga ciki a Filato. Suna da kaso 20 da ɗoriya cikin 100 na asusun tarayya. Tsarin mulki ya lissafa aikinsu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanai, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan su sa hannu a firamare da lafiya da noma. Duk abin da ke ci wa ɗan ƙauye tuwo a ƙwarya yana cikin wannan jeri. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Amma sashe na 162 ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa a ɗakin nan ya san abin da hakan ya haifar a faɗin ƙasa. Gwamnoni da dama suka riƙa naɗa kantomomi maimakon zaɓe. Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki.

Na yi farin ciki da hukuncin. Amma ina gaya muku a matsayin wanda ya tsufa a cikin abin, ko da kowace naira ta sauka a sakatariya, ba ta isa ƙauye ba tukuna. Tsakanin sakatariya da rijiyar nan tawa akwai tafiya. Kansila nawa ne ke kwana a mazaɓarsa? Da an rantsar da shi sai ya kama haya a gari, ya canza layin waya. Ban ce duka ba, na san masu kirki da ke hawa babur suna zagaya ƙauyukansu. Amma idan kansila ya bar shan ruwan da mutanensa ke sha, kunyar nan da na faɗa ta fita daga idonsa, ya zama baƙo mai albashi.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar sabuwar doka. Kowace gunduma ta san nawa aka ware mata, a rubuta a manna a bangon firamare, a karanta bayan sallar Juma'a, a karanta a coci ranar Lahadi. Kafin a kafa harsashin kowane aiki, a zauna a ƙofar mai gari a tambayi mutane me ya fi damunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na taɓa zuwa wani gari da takardar gina ɗakin taro a hannuna. Da muka zauna, wata dattijuwa ta ce, ɗana, taro a gindin mangwaro muke yi kuma bai taɓa hana mu ba, amma idan ruwa ya sauko kwana uku ba mai tsallake rafin can, a bara mace biyu muka rasa a kan gadon naƙuda. Kwalbati suke so. Ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Ku dubi dankalin Turawa. Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ke ciyar da kasuwannin ƙasar nan da shi. Ku dubi kabeji da karas da tumatir da latas da ake saukewa a Farin Gada, da yawansu da ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari ake noma su da rani. Turawa sun kwashe kuza sun bar mana ramuka, manoma suka mayar da ramukan abin ban-ruwa, ba tare da wani ofis ya zana musu ba. Ga cibiyar binciken dankali a Kuru, ga ta lafiyar dabbobi a Vom tun 1924. Ilimi yana nan a bayan gidanmu. Amma malamin gona ɗaya ba zai iya zaga dubban manoma ba. Idan ya sami sarkin noma na gaske, ya gwada sabon iri a gonarsa a bakin hanya, kowa ya wuce ya gani, da kaka gari ya ɗauka. Idan cutar da ke ƙone ganyen dankali ta ɓullo da damina, sarkin noman ne zai fara gani, shi zai buga waya. Kuma manoman da suka haɗa kai suka ɗauki mota ɗaya zuwa kasuwa ba sa sayarwa a farashin da dillali ya ga dama a bakin gona.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin muna Jos. Duk abin da na lissafa, ba ɗaya da zai tsaya inda ba zaman lafiya. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010, kuma karkararmu har yanzu tana zubar da jini. Mun binne 'yan'uwa, Musulmi da Kirista. Da yawan abin da ke zama gobara a ƙauye da ƙaramin tartsatsi yake farawa: saniya ta shiga gona, an toshe burtali, an noma mashaya. A da, arɗo da mai gari za su taka zuwa gonar tare, su kimanta ɓarna, a biya kafin rana ta faɗi. Inda wannan zumunci yake da rai har yau, ana kashe wuta tun tana ƙarama. Inda ya mutu, sai labari ya riga gaskiya isa gari ta waya.

A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi, da mahara suka auka wa mutane, Liman Abubakar Abdullahi ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista. Ya tsaya a ƙofa, dattijo, ba makami a hannunsa, ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Ba shi da ofis, ba shi da kasafi. Maƙwabtansa ne, ya san su, sun san shi. Idan na ce shugaba na kusa, irin wannan nake nufi.

Iyayen ƙasa, Allah ya ba ku haƙuri, yanzu zan juyo kanku, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai mai unguwar da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Akwai wanda idan aka ce a kawo sunayen mabukata, sai ya fara da matansa ya ƙare da surukansa. Akwai wanda takin gwamnati ke kwana a zaurensa ya wayi gari a kasuwa. Akwai wanda ya mayar da rawaninsa tutar jam'iyya, rabin garinsa suka daina gaishe shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ya sa ba na cewa a mayar wa kowa sandar zamanin En'e. A ba shi aiki, a ba shi abin yin aikin, a kuma sa shi ya yi bayani a bainar jama'a. Kuɗin gari kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban. A ƙauyen nan na biyu da na ba ku labari, mai unguwa bai riƙe masarar ba, bai riƙe makullin ba. Da gangan ya yi haka, kuma shi ya sa ba wanda ya taɓa zarginsa.

Mata kuma, a bar sa su a kwamiti don cika lissafi. Wa ke ɗebo ruwan? Wa ke kai yaro asibiti? Wa ke riƙe adashin mutum talatin shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba? A iya abin da na gani da idona, kwamitin ruwan da mace ke riƙe da asusunsa ya fi daɗewa. Ba mamaki, domin idan famfo ya tsaya, ƙafarta ce za ta koma rafi.

Ina ganin mai gabatarwa yana duba agogo. Bari in tsaya nan a karɓi tambaya.

Wani matashi ya miƙe ya ce: Baba, Allah ya ƙara girma. Mu matasa idan muka je da shawara sai a ce mu yara ne, ba a sa bakinmu a maganar manya. Ta ina za mu shiga?

Ya amsa: Ɗana, na gode. Kada ku fara da shawara, ku fara da aiki. Ku ɗauki littafi ku zaga gundumarku. Rijiya nawa ce, nawa ke aiki, me ya lalace a kowace? Aji nawa ba rufi? Malami nawa aka turo, nawa ke zuwa? Wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto, ku ɗauka. Sannan ku je wajen mai unguwa, ku cire takalmi, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ajiye littafin a gabansa ku ce ranka ya daɗe, ga abin da muka gani, muna so ka jagorance mu zuwa wajen kansila. Kada ku tsallake shi, kada kuma ku fara zaginsa a Facebook. Dattijo yana iya ƙin jin ra'ayinka, amma da wuya ya ture lissafin da aka kawo masa cikin ladabi. Kuma ku zaɓi rijiya ɗaya ku gyara da kuɗin aljihunku kafin ku nemi na kowa.

Wata mata daga cikin iyaye ta ce: Malam, sannu da ƙoƙari. Mu a ƙauyenmu mun tara kuɗin gyaran famfo har sau biyu, wanda aka ba ya cinye, kuma ɗan gidan mai gari ne. Yanzu ko an ce a kawo ba mai bayarwa. Yaya za mu yi?

Ya amsa: Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri, wannan ciwo ne da na sani. Mutane ba rowa suke yi ba, an cuce su ne. Kada ku sake tara kuɗi a hannun kowa tukuna. Ku fara kiran makanike ya duba ya faɗi abin da ya lalace da kuɗinsa, a gaban mutane. Sannan ku mata ku yi zubi na wannan adadin kawai, a hannun uwar adashinku, a rubuta sunan duk wadda ta ba da abin da ta ba da. Mutum biyu su je kasuwa su sayo kayan, su dawo da rasit. Makanike kuma kada a biya shi ladan aikinsa sai ruwa ya zubo. Maganar kuɗin baya, ku sami liman ku je tare wajen mai garin, a cikin gida, ba a dandali ba, ku gaya masa gaskiya. Idan ya ƙi ji, akwai hakimi a samansa. Wace ƙaramar hukuma kuke? To, idan an tashi ki tsaya, akwai wani yaro da na sani yana gyaran irin wannan famfo a wajenku, zan haɗa ku.